Na Dawo Daga Holan, Amma Hankalina Ya Ƙi Dawowa

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani matashi a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Garun Malam ta jihar Kano. Ya roƙi a sakaya sunansa. Na ɗan taƙaita ta:

"Assalamu alaikum Baffa. Shekarata 27, aikin gona na karanta. Ina ajin ƙarshe Allah ya sa aka zaɓe ni cikin shirin musayar ɗalibai masu koyon aiki, na je ƙasar Holan na yi wata 6 a wata gonar tumatir da ake nomawa cikin gidan gilashi. Yau shekara 2 ke nan da dawowata. Na gama hidimar ƙasa, aiki bai samu ba, ina gida ina taya Baba noman rani. Baffa, tun da na dawo ban ƙara jin daɗin garinmu ba. Duk abin da na kalla sai in tuna can. In na ce wa Baba mu gyara yadda muke reno ko feshi, sai ya ce tun ba a haife ni ba yake noman tumatir. Rannan a gaban ƙannena ya ce in Holan nake so ga hanya nan. A majalisa sun laƙaba mini Bature. 'Yan uwa gani suke na dawo da kuɗi na ɓoye, alhali ɗan alawus ake ba mu, kuɗin ɗaki da abinci suka cinye, ragowar na sayi waya da tsaraba. Gidan su yarinyar da nake nema ma kallon mai kuɗi suke mini. Wani da muka tafi tare ya sulale bai dawo ba, kullum yana sa hotuna a Facebook, yana ce mini na yi wauta. Da dare ba na samun barci, sai kallon hotunan can. Yanzu wani ya ce zai fitar da ni ta Agadas in na kawo kuɗi, har na fara tunanin jinginar da gonar Inna. Baffa, kuskure na yi da na dawo? Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Ba ka yi kuskure ba. Na fara da wannan ne saboda na ga ita ce tambayar da ke hana ka barci, kuma amsarta ba ta da kwana-kwana. An ba ka biza a kan sharaɗin za ka koyi aiki ka koma gida. Makarantarku ta tsaya maka, wani malami ya sa hannu da sunansa, mai gonar ya karɓe ka a kan haka. Ka cika alkawari, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce ga muminai su cika alkawura. Bayan haka, duk ɗalibin da ya sulale, ƙannensa na ajin baya yake rufe wa ƙofa, domin masu ba da biza suna lura da waɗanda suka koma da waɗanda suka ɓace, masu gonaki ma haka. Idan an ƙara ɗaukar wani daga makarantarku bayanka, dawowar irinku tana cikin abin da ya sa.

Abokin tafiyarka kuwa, kada ka zage shi, ka yi masa addu'a, amma ka daina auna rayuwarka da hotunansa. Kai da ka zauna can ka fi ni sanin cewa mutum ba ya ɗaukar aiki na hukuma, ko ya buɗe asusun banki yadda ya kamata, sai da lambar da gwamnati ke ba mazauna ƙasa. Tun 1998 Holan ta yi dokar da ta ɗaure samun tallafi da gidajen gwamnati da mallakar takardar zama. Wanda ba shi da ita, aikin ɓoye yake yi, a biya shi abin da aka ga dama, in an hana shi ba shi da wurin kai ƙara. Ranar da aka kama shi ana iya hana shi shiga na shekaru, kuma haramcin ya haɗa ƙasashen Turai 29 na yankin Shengen, waɗanda ake shiga da biza ɗaya. Abin da ya fi ciwo shi ne, in yau aka ce mahaifiyarsa na kwance, ba zai iya zuwa ya koma ba. Babu mai ɗaukar hoton wannan ya sa a Facebook. Sau da yawa mai nacin cewa "ka yi wauta" kansa yake lallashi.

Maganar Agadas ka cire ta daga ranka gaba ɗaya, yau ɗin nan. Hanyar nan ta bi ta Sahara zuwa Libya, sannan a sa mutane cikin kwale-kwalen roba a Bahar Rum. A 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon 'yan Afirka a Libya kamar dabbobi, kuma tun daga lokacin hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta dawo da dubban 'yan Najeriya gida, hannu rabbana. Waɗannan su ne masu sa'a. Wasu ƙishirwa ta kashe su a hamada, wasu teku ta cinye, wasu an tsare su ana kiran iyayensu a waya ana dukansu don a turo kuɗi. Ka yi tunanin wannan kiran ya iske Inna bayan gonarta tana hannun wani. Gonar mace a ƙauye ita ce rufin asirinta ranar tsufa, ko ranar da ta rasa miji. Ba taka ba ce, kuma ko ta yarda saboda son da take maka, bai halatta ka karɓa don wannan tafiyar ba. Mutumin da ya yi maka tayin, ka gaya masa ka fasa, ka goge lambarsa. In yana yawo yana yi wa samarin garinku irin wannan tayin, ka sanar da mai unguwa ko dagaci.

To, ƙuncin da kake ji fa? Gaskiya ne, ba shagwaɓa ba ce, kuma ba kai ka fara ba. Masu nazarin halin ɗan Adam a Amurka sun rubuta tun 1963 cewa ɗalibin da ya zauna a wata ƙasa yakan sha wahalar sabo sau biyu: ranar da ya je, da ranar da ya dawo. Ta biyun takan fi zafi, don babu mai shirya mata. Ka dawo ka tarar da kowa yana inda ka bar shi, kai kaɗai ka canza, kuma labarin da ke cin ranka ba ya riƙe kunnen mutane fiye da kwana biyu. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja saro goro, da alhazan da suka yi shekaru a hanyar Makka ta Sudan, da 'yan ci-ranin da ke dawowa daga Kurmi da faɗuwar damina, duk sun san wannan baƙuntar a cikin gida.

Sai dai ka lura da wani abu. Wayarka ta adana maka ranakun daɗi ne kawai. Ba ta ɗauki hoton watan Disamba ba, lokacin da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe 4:30 na yamma, ka fita aiki cikin duhu ka dawo cikin duhu. Ba ta ɗauki ciwon baya da gumin cikin gidan gilashi ba, ko kewar tuwo, ko ranar da ka yi sallar Juma'a a inda babu wanda ya san sunan ubanka. Ka ɗauki littafi ka rubuta watannin nan yadda suka kasance, daɗi da wuya, tun kafin kewa ta gama goge rabin. Hotunan kuma ka kwashe su daga wayar ka ajiye a wani wuri, ka daina kwana da su. Idan rashin barcin ya ci gaba makonni, ko abinci ya fita ranka, ko ka fara jin rayuwar ma ba ta da amfani, ka je asibiti ba tare da jin kunya ba. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen kula da irin wannan, kuma daga garinku zuwa birni ba nisa.

Yanzu mu zo kan Baba, don a nan nake ganin gyaran yake, kuma a nan zan ɗan ja maka kunne. Kalmar da ya faɗa a gaban ƙannenka ta yi nauyi, na sani. Amma ka tambayi kanka sau nawa ya ji "a Holan ba haka ake yi ba" kafin ya kai ga faɗar ta. Dattijon da ya ciyar da gida da gonar nan, ya biya maka kuɗin makaranta da kuɗin tumatir ɗin nan, ɗansa ya je wata 6 ya dawo yana nuna masa kuskure a gaban 'yan ƙwadago. Ko gaskiya ce a bakinka, ba za ta shiga ta wannan ƙofar ba. Sunan Bature da aka sa maka ma, ina zargin daga nan ya samo asali. Ka yi wata biyu ba ka ambaci sunan ƙasar nan ba sai an tambaye ka, ka ga yadda majalisa za ta koma maka.

Kuma ka yi wa mahaifinka adalci a lissafi. A gidajen gilashi na yankin Westland da ke Holan ana tsinke fiye da kilo 50 na tumatir a murabba'in mita guda a shekara, wato sama da tan 500 a hekta, yayin da matsakaicin abin da ake samu a Najeriya bai kai tan 10 ba. Wanda ya ga wannan da idonsa dole ransa ya sosu. Amma ka san abin da ke ƙarƙashin wancan adadi. Tumatir ɗin ba a ƙasa yake tsirowa ba, a kan wani abu mai kama da soso yake, kwamfuta ke auna masa ruwa da taki ɗigo-ɗigo, ana ɗumama ɗakin da iskar gas, wutar lantarki ba ta ƙiftawa, banki na ba da bashin shekaru masu yawa, mai saye kuma yana jira da yarjejeniya a rubuce. Baba ba shi da ko ɗaya daga ciki. Yana noma ne ba inshora, ba bashi mai sauƙi, ba tabbacin farashi. Abin da kake gani kamar taurin kai, tsoron asara ne na mutumin da in shekara guda ta ɓaci gida zai kwana da yunwa. Ya ga 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin Kadawa da Kura cikin 'yan kwanaki, har tumatir ya gagari talaka a Legas. Ya san lokacin da hunturu ke shigowa da lokacin da zafin bazara ke zubar da fure. Ya san wane dillali ke cika alkawari a Kwanar Gafan, wane ne ba ya cikawa. Wannan ilimi ne, kuma babu shi a Holan.

Abin da nake so ka gane shi ne, gilashin da kake kewa shi ne mafi ƙarancin amfani gare ka cikin duk abin da ka gani. Wanda zai yi maka aiki a nan ɗabi'un da suka shiga jikinka ne ba ka lura ba: a rubuta komai, a auna kafin a zuba, a zaga gona kullum ana ɗaga ganye ana duba ƙwaro tun bai yi yawa ba, a wanke kayan aiki, a ware tumatir daraja-daraja kafin ya bar gona, a yi abu a ranar da aka ce. Babu ɗaya a cikinsu da ke buƙatar wutar lantarki. Wani mutumin Holan ɗin ma, Simon Groot, da ya je Filifin a 1982 don ya yi aiki da ƙananan manoma, bai kai musu gidan gilashi ba. Iri mai jure zafi da cuta ya samar musu, da koyarwa a gonakin gwaji. Kamfanin da ya kafa, East-West Seed, ya zo har Kano da Kaduna yana koyar da manoma, shi kuma ya sami lambar yabo ta duniya a kan abinci a 2019.

Yadda za ka shigar da wannan cikin gida, al'adarmu ta riga ta tanadi hanya. Ana noma gandu tare, amma ɗa baligi yana da gayaunarsa. Ka nemi Baba ya yanka maka, ko rubu'in eka ne. Kada ka je masa da sunan za ka nuna masa yadda ake yi. Ka ce aure ya matso, kana so ka fara tara naka, kuma kana neman albarkarsa. In kana jin nauyi, ka bi ta kawunka ko wani amininsa da yake jin maganarsa. Aikin gandu kuma kada ka rage ko da na wuni ɗaya, ka yi shi yadda ya ce, ba musu.

A cikin gayaunar nan ne za ka yi Holan ɗinka daidai ƙarfin aljihunka. Wajen Satumba zuwa Oktoba ka yi reno a cikin tire, ko a kan tudun da ka ɗaga, ka rufe da raga don farin ƙuda kada ya sa wa dashe cutar nannaɗe ganye tun yana ƙarami. In ya kai mako 3 zuwa 4 ka dasa da yamma, a kan kunya, da tazara, maimakon cunkuso cikin fangali inda ruwa ke kwanciya a gindi. Rabin filin ka sa irin da Baba ya saba, rabi ka sa ingantaccen iri daga dila amintacce, don ka ga bambancin da idonka kafin ka yi wa kowa alkawari. Taki ka raba shi kashi-kashi, kada ka zuba gaba ɗaya. Ka kafa sanduna ka ɗaure, 'ya'yan su bar ƙasa. Ka sa tarkon kama malam-buɗe-littafin sharon don ka san ranar da ya iso, ka riƙa tsinke ganyen da ya kamu kana binnewa. In feshi ya zama dole, kada ka nace wa magani iri ɗaya, don ƙwaron nan yana saurin sabawa, kuma ka kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da tsinka, saboda 'ya'yan mutane ne za su ci. Sannan littafi. Kowace naira da ta fita, kowane kwando da ya shigo, da ranarsa da farashinsa. Manoma da yawa a yankinmu ba za su iya gaya maka nawa kwando guda ya tasar musu ba, shi ya sa ba sa sanin ranar da suke sayarwa a kan asara.

Kada ka gayyaci Baba ya zo ya gani. Hanyarsa ce, zai bi ta wurin, kuma idon manomi ba ya wuce shuka mai kyau. Gani ya kori ji. Ranar da ya tsaya ya tambaye ka, ka amsa a taƙaice, kai ma ka tambaye shi wani abu da ka san ya fi ka sani. Ka kuma shirya wa yiwuwar shekarar farko ta ba ka kunya. Ƙasa ba ta san ka je Turai ba. In haka ta faru, asarar ƙarama ce, littafinka kuma zai nuna maka inda aka samu matsala.

Akwai wani darasi na ƙasar da ka je wanda ban ji ka ambata ba, kuma a wurina ya fi na gilashi girma. Mutanen nan ba da wadata suka fara ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarsu yana ƙasa da tsayin teku. A hunturun 1944 zuwa 1945 yunwa ta kashe musu kusan mutum 20,000, har suka ci albasar furanni. A 1953 ambaliya ta kashe fiye da 1,800. Abin da ya tsayar da su haɗa kai ne. Ɗaruruwan shekaru suna da majalisun ruwa, inda masu gonaki ke haɗuwa su gyara madatsa da magudanai, kowa ya biya rabonsa. Manoman kayan lambu sun fara haɗa amfaninsu suna gwanjo a wuri guda tun 1887, don kada ɗan kasuwa ya riƙa bin su ɗaya-ɗaya yana karya farashi. Babban bankinsu na Rabobank daga ƙananan asusun bashi na manoman ƙauye ya taso. Madarar Peak da ke kan teburin kowane mai shayi a garinku, kamfanin da ke yin ta mallakar ƙungiyar manoma masu shanu ne. Ruwan da kuke ban-ruwa da shi ma yana da hannunsu a ciki: lokacin da aka gina madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, injiniyoyin wani kamfanin Holan mai suna NEDECO sun yi aikin nazari da tsara noman rani na Kogin Kano.

Dubi kuma abin da ke faruwa a wurinmu kowace shekara. Kowa ya dasa lokaci ɗaya, kowa ya tsinka lokaci ɗaya, daga Janairu zuwa Maris kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas, har wani ya bar tumatir ya ruɓe a gona don kuɗin tsinka da na mota sun fi abin da zai samu. Watanni kaɗan bayan haka kuma a neme shi da tsada a rasa. Wanda aka loda zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, a cikin kwanduna ake jibga shi, na sama ya danne na ƙasa, kaso mai yawa ya lalace kafin ya isa. Akwatin roba mai cin kilo 25 yana rage wannan asarar sosai, amma manomi ɗaya ba zai iya sayen na cika mota ba, balle ya tabbatar an dawo masa da su. Goma za su iya. Ka nemo samari sa'anninka biyar ko goma masu gayauna, ku sayi iri da taki tare, ku karkasa ranakun dashe don kada ku tsinka rana ɗaya, ku shanya na shanyawa a kan raga ko leda mai tsabta maimakon bakin titi, ku yi rajistar ƙungiya. Mu ma muna da gayya, muna da adashi, ba baƙon abu za ka kawo ba. Kai ne za ka riƙe musu littafi, don ka ga yadda ake yi. Ka shiga ƙungiyar masu amfani da ruwa ta sashenku, ranar yashe magudana a gan ka da shebur a gaba. Ka kuma kai kanka ofishin KNARDA, wato hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kano, da Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, ka gabatar da takardar shaidar koyon aikinka. Shirin HortiNigeria da ofishin jakadancin Holan ya ɗauki nauyi daga 2021 ya yi aiki da manoman kayan lambu a Kano, kuma irin waɗannan shirye-shirye kullum suna buƙatar matashi mai Hausa da Turanci wanda ya taɓa riƙe tiren reno da hannunsa.

Batun kuɗi gajere ne: ka faɗi gaskiya, sau ɗaya, a fili. Ka zauna da Inna ka lissafa mata abin da aka ba ka da inda ya tafi. In ta sani, gidan ya sani. Ina jin shirun da ka yi, wataƙila don kunyar a ce ka je Turai ka dawo ba komai, shi ya bar zargin ya girma. Ɗalibi ka je, ba ɗan kwangila ba. Gidan su yarinyar kuma, manyanka su je su faɗi ƙarfinka tun kafin a yi maganar lefe. Ita ma ka gaya mata da bakinka. In sun karɓe ka a matsayin manomi mai ilimi da ke farawa, alhamdu lillahi. In kuɗin Turai suke jira, gara ka sani yanzu da ka ci bashi don kare sunan da ba naka ba.

Ban ce ka binne sha'awar komawa ba. Neman ilimi a waje abu ne mai kyau, kuma ƙofar halal a buɗe take gare ka fiye da yawancin sa'anninka, saboda fasfonka ya nuna ka shiga ka fita a kan lokaci. Tallafin karatu na Chevening na Ingila yana neman mutum ya yi aiki na kimanin shekara 2. Wasu kwasa-kwasan DAAD, hukumar ba da tallafin karatu ta Jamus, da aka ware wa ƙasashe masu tasowa su ma haka.  Jami'ar Wageningen, wadda ta yi suna a duniya a fannin noma, tana can ƙasar da ka baro. Dukkansu tambaya ɗaya za su yi maka: me ka yi da abin da ka koya? Littafin gayaunarka da ƙungiyar samarin garinku su ne amsar, kuma duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka ɗaya daga cikin waɗannan, ɗan damfara ne, don ba a sayen su. Ka kuma rubuta wa mai gonar da ka yi wa aiki, ka gaishe shi, ka tura masa hoton shukarka, ka nemi ya rubuta maka takardar yabo tun bai manta da kai ba.

Amma kafin duk wannan, akwai abin da ba ya jiran Satumba. A daren nan bayan isha'i, in ƙannenka sun watse, ka je ka durƙusa gaban Baba ka ce ya yafe maka in bakinka ya yi masa zafi, kada ka haɗa da wani bayani ko kare kai. Maganar gayauna ka bar ta sai bayan mako guda ko biyu. In ka yi reno, ka rubuto mini ka gaya mini irin da ka zaɓa da yadda ya tsiro. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya yi wa nemanka albarka, ka gaishe mini da Baba da Inna.

Baffanku